Shekarar da Shamuwa Ta Sauya Masauki

Ni na shafa wa tsamiyar ƙofar gidanmu jan fenti, da hannuna, kuma babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin awon filaye a nan Bauchi, irin ƙaramin da in an fita aiki shi ke jan tef, shi ke riƙe gwangwanin fenti, in rana ta take shi ake aika sayen ruwa. A unguwarmu ta Ɗan Iya kuwa safiyo ake ce mini, ni ma ban taɓa gyara wa kowa ba. Aka ce za a faɗaɗa layinmu a yi masa lambatu hagu da dama. Muka zo muka ja tef, tef ya bi ta tsakiyar tsamiya. Shugabanmu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙofar gida na ga ba kowa, na tsoma buroshi.

Ashe Baba yana cikin zaure yana kallo. Da yamma na shiga gaishe shi ina ta kame-kame, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi rubutuna ya yi kyau, ashe dai bokon nan ba a banza aka kai ni ba.

Da rani aka sare tsamiyar. Inna ta yi kwana biyu tana mita, domin tun tana amarya ba ta taɓa sayen tsamiyar kunu ba. Dattawan layi suka ɗauke bencinsu suka koma rumfar mai shayi. Shi ke nan asarar da muka lissafa. Titin kuwa ya yi kyau, gaskiya ɗaya ce, har yau in na bi ta kansa ina ɗan ɗaga kafaɗa, don tun da aka yi shi ruwa bai sake shiga ɗakin kowa ba. Amma a cikinmu duka, da masu tef da masu gatari da masu mita, babu wanda ya tuna cewa tsamiyar nan tana da 'yan haya. Shamuwa ce ke sauka a kanta kowace shekara gab da damina, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, ta tafi da kaka. Lokacin da muka yi aikinmu tana can inda take zuwa cin rani, ba wanda ya nemi shawararta.

Baba tela ne, shagonsa na Gwallaga, amma in ka tambaye shi sana'arsa manomi zai ce maka. Yana da gona gaba da Yelwa a kan hanyar Das, kuma abu ɗaya yake shukawa a cikinta: wata farar dawa da ya gada wurin mahaifinsa. Doguwa ce, mai nawa, ba ta san sauri ba. Tuwonta kan kwana biyu bai saki ba, kununta kuwa ko ba sukari sai ka ƙara. Da can rabin gonakin wajen ita ce, amma mutane suka koma masara da dawar zamani mai saurin nuna, wasu ma suka yanka gonakin suka sayar da fuloti. A iya saninmu, a wancan lokacin Baba kaɗai ya rage da irin. Iri kuma ba kwabo ba ne da za ka jefa a akwati ka manta. In damina ta wuce ba a shuka shi ba, kafin wata ta zagayo ƙwari sun sha rabi, sauran ma ba lalle ya tsiro ba.

Ga yadda Baba ke shuka. Ba ya kallon kalanda, ba ya kallon maƙwabta. Ruwan farko da na biyu ruwan yaudara yake kiransu, ya ce su ke jan gaggawa su sa mutum ya binne irinsa rana ta soye shi. Shi sai ya ga shamuwa ta sauka a tsamiya ta fara jidar kirare, sannan duk ruwan da ya sauka bayan nan ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya, washegari yana gona da sungumi. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma ya yi shekara da shekaru, kuma ban taɓa ganin ya yi shuka biyu ba, alhali maƙwabtansa wata shekarar sai sun yi uku. Saboda haka ba mai gardama da shi. Ni da nake taƙama da boko ma a ciki nake haɗiye tawa.

To, shekarar nan hadari ya fara haɗuwa. Aka yi ruwan farko, Baba ya fito ƙofar gida da asuba bayan salla ya ɗaga kai, babu komai a sama sai wayar lantarki. Aka yi na biyu, aka yi na uku mai ƙarfi wanda ya gwada mana lambatu. Mutane suka yi shuka. Masara ta fito ta kai idon sawu, ta kai gwiwa. Baba yana nan yana taka keken ɗinkinsa a Gwallaga kamar ba a damina ake ba.

Inna ce ta fara aiko mini. A lokacin na yi aure ina haya a Yelwa, sai ta ce in zo in yi wa mahaifina magana, tunda ni na ja ruwa, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Na je na same shi a shago yana laluben ramin allura, don ɗinki ya riga ya fara cin idonsa. Na karɓa na zura masa zaren, sannan na kawo maganata a hankali. Na ce damina ta zauna, kowa ya shuka, shamuwa kuma ba ta da inda za ta sauka, laifin nawa ne na yarda, amma kada dawa ta biya.

Ya ce, "Ai ba ta zo ba."

Na ce, "Baba, ko ta zo a ina za ta tsaya?"

Ya ce shamuwa ba ta saɓa alkawari. In ta zo ta tarar ba gida, za ta yi shawagi a kan layin ya gan ta, ko ta sauka a wata bishiya kusa labari ya iso shi. Tunda bai gani ba bai ji ba, to ba ta zo ba, kuma in ba ta zo ba akwai abin da ta sani game da ruwan bana wanda mu ba mu sani ba. Na fita daga shagon raina a ɓace. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganarsa a tsare take, ba inda za ka kama ta, ga shi kuma tana neman kashe mana dawa.

Sai na ce to, tunda shamuwa yake so, ni zan nemo masa ita. Ina da ɗan babur tsoho mai hayaƙi. Kullum in an tashi daga ofis sai in hau in shiga gari ina leƙen bishiyoyi. Na je tsamiyoyin maƙabarta. Na zaga lungunan cikin gari inda nake tuna akwai rimi, na tarar da shaguna a jere. Na shiga unguwar manyan ma'aikata ina kallon saman maɗatai, har wani mai gadi ya biyo ni da sanda yana tambayar abin da nake leƙe a gidan mutane. Da na ce masa tsuntsu nake nema, ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ya ba ni lafiya. Na ga balbela, na ga hankaki, na ga jemagu sun cika wani mangwaro har reshe na lanƙwasa. Shamuwa ko gashinta.

A wannan yawon ne na gane yadda muka aske garin. Wurare da dama da na sani da inuwa tun ina yaro, na je na tarar da kwano yana ƙyalli. Wasu ma ni na ja tef ɗinsu. Ban ji daɗi ba, amma ba zan yi ƙarya in ce na zauna kuka ba. Hankalina yana kan kwanakin da ke wucewa da masarar mutane da ta fara kai ƙugu.

Kwana goma sha ɗaya ina wannan aiki. Ranar ta goma sha biyu wayar burkin babur ta tsinke, na tura shi zuwa shagon wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan gyara, nan bakin titin Yelwa, tsakaninsa da gidan da nake haya bai fi tafiyar minti biyar ba. Mutum ne mai fara'a, ya daɗe a Bauchi, Hausarsa ta ishe shi ciniki da faɗa. Na same shi ranar faɗan yake ji. Yana riƙe da doguwar tsintsiya yana kankare rumfar shagonsa, yana masifa shi kaɗai. Na tambaye shi da wa yake.

Ya ce, "Oga, wannan tsuntsu ne. Shi ya ɓata mini rumfa, shi ya zuba itace, jiya ya jefo mini kwaɗo a kan kaya. Kwaɗo fa!"

Ya nuna sama da tsintsiya. Bayan shagon akwai ƙarfen sabis, irin dogayen nan masu ja da fari da aka fara kafawa shekarun da wayar hannu ta shigo. Na ɗaga kai. Can kusa da ƙoli, tsakanin faya-fayen nan masu kama da faranti, ga tarin kirare har wuri uku, ga shamuwa a tsaye bayanta baƙi cikinta fari, tana gyara fiffike hankali kwance. Sau biyu a rana nake wucewa ta ƙarƙashin ƙarfen nan. Na ƙone mai na zaga Bauchi kaf ina duba bishiya, domin a kaina shamuwa a bishiya take zama, ban taɓa tunanin in dubi ƙarfe ba. Na yi dariya har mai shagon ya tsargu, ya ce in abin dariya ne in zo in karɓi tsintsiyar.

Ko gyaran ban tsaya an gama ba, na hau acaɓa sai Gwallaga. Baba ya rufe shago ba musu, abin da ban taɓa gani ba da rana tsaka. Muka zo muka tsaya gindin ƙarfen. Ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ya ɗaga kai, ya daɗe a haka. Ina jira ya ce wani abu, ko ya yi hamdala, ko ya yi mini gori. Sai na ji ya ce a hankali, "Tana nan?"

Na juyo na dube shi. Ashe idonsa ba ya kaiwa can. A tsamiya reshenta bai fi tsayin soro ba, yana ganin har ƙwayar idonta. Nan kuwa ta yi masa nisa, ga rana, ga janareton ƙarfen yana ruri ko motsinta ba ka ji. Na ce tana nan, har sheƙa uku. Ya ce in faɗa masa abin da take yi. Na ce ɗaya tana tsaye, ɗaya ta sauko yanzu da abu a baki, ga kuma wasu ƙananan kawuna suna miƙowa daga cikin kirare.

Ya sauke kai ya dube ni. "'Ya'ya?"

Na ce 'ya'ya.

Na ga yana ƙirga da yatsunsa, don 'ya'ya a sheƙa na nufin ta daɗe da sauka. Sai ya juya wurin mai shago, suka gaisa, ya tambaye shi ko ya san yaushe tsuntsun ya zo. Mutumin ya ce ya sani mana, ai ba zai manta ba. Ran Lahadi yake wanke rumfa in ya dawo daga coci, kuma wannan Lahadin da ta wuce ita ce ta tara tun da tsuntsun ya fara ɓata masa ita. Duk faɗin Bauchi, da malamanta da manomanta da safiyonta, mutum ɗaya ne ya riƙe ranar saukar shamuwa, shi ma don ya tsane ta ne. Baba ya yi masa godiya sosai, har ya roƙe shi kada ya bari a taɓa sheƙar. Mutumin ya ce ko yana so ma ba zai iya hawa ba.

Washegari muka yi shuka, ni da Baba, na ɗauki hutun kwana biyu a ofis. Shi ke saran rami, ni ke jefa iri ina rufewa da ƙafa. Masu wucewa suna yi mana sannu da wata irin murya, irin wadda ake yi wa mai jinya. Baba ya ce da babu gara ba daɗi, ya zuba irin duka bai rage ko ƙwaya ba, don a ganinsa ajiye shi da binne shi a makare duk caca ce, gara wadda ƙasa ke ciki.

Dawa ta fito, ta yi ƙoƙari ƙwarai. Amma ita ba ta san an makara ba, tafiyarta take yi irin ta kullum. Tana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke, kuma shekarar da wuri ya ɗauke. Sati ɗaya, sati biyu, ganye ya fara naɗewa. Baba ya zaga gonar ya dawo ya ce tuwo kam babu shi bana, maganar iri ake yi. Ya zaɓi kunya uku a wajen kwari inda ƙasa ke da sauran sanyi, ya ce waɗannan za mu tsaya a kansu, sauran na dabbobi ne.

A gefen gonar wasu sun kafa wurin buga bulo, suna da rijiyar burtsatse. Da can Baba ba ya ko amsa sallamarsu da kyau, don ƙarar injinsu ta kori zabin dajin da yake jin daɗin gani. Yanzu ni na je na yi musu fadanci, suka ce in ɗiba. Jarka biyu nake ɗaure wa babur, sawu huɗu da safe kafin ofis, sawu huɗu da yamma. Labari ya kai Ɗan Iya cewa safiyo yana ba dawa ruwa da jarka kamar mai lambun tumatir. Wani abokina ya tambaye ni ko zan fara yi mata fifita. Na je ofis da laka a wando fiye da sau goma, bayana kuwa har yau yana tuna mini in sanyi ya shigo.

Da ƙwaya ta fara ɗaurawa sai ga wata sabuwa. Kowa ya girbe nasa, dajin da ƙananan tsuntsaye ke cin tsabar ciyawa ya zama fuloti da tarin yashi, saboda haka duk wani mai baki da fiffike a yankin ya gano kunyoyinmu uku. Ka kore su nan su sauka can. A nan ne telan ya yi rana. Baba ya kwashe ƙyallayen da suka taru a shagonsa, ya zauna ya ɗinka 'yan jakunkuna, muka bi kowace zangarniya muka sa mata ɗaya muka ɗaure. Atamfa, shadda, yadin makaranta, leshi, babu wanda babu. In iska ta kaɗa sai ka ce 'yan biki ne suka jeru. Masu bulo suka bar aiki suka zo kallo, har Baba ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun ranar ƙarfen sabis.

Zangarniya ashirin da uku muka samu masu ƙwaya ta gaske. Baba ya zauna a zaure ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, yana murzawa a tafin hannu, yana kaiwa haƙori ya ji taurinta. Inna ta leƙo ta ce ko a ba ta 'yar kaɗan ta dama kunu a ɗanɗana, ya ce ko shi ba zai ɗanɗana ba. Ya haɗa su ya ɗaure da igiyar rama tamau. Na miƙe zan tafi, ina jin daɗi a raina cewa na biya abin da na ɓata, sai ya ce in zauna. Ya turo damin gabana.

Na ce, "Baba, a kai ɗakin Inna?"

Ya ce, "Gidanka za ka kai. Mai ganin shamuwa shi ke riƙe iri. Haka aka ba ni."

Na fara rantse-rantse. Na ce ni zan riƙa dubawa kullum, ranar da ta sauka kafin ta ajiye kara na biyu na zo na faɗa masa, shi ya ci gaba da riƙe abinsa. Na ce ni ma'aikacin ofis ne, ban san kan dawa ba, ko kamu ɗayan nan da hannunsa ake aunawa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shekara hamsin bai taɓa shuka da idon wani ba, ba kuma zai fara yanzu ba, ko da idon ɗansa ne. Ya ce in rataye shi inda hayaƙin girki zai riƙa dukansa, kada in bari ya taɓa ƙasa, kada in ba kowa sai wanda na ga zai shuka.

Ban taɓa jin nauyin abu irin na damin nan ba, alhali da hannu ɗaya na ɗauke shi. Na yi zaton wahalar jarka za ta mayar wa Baba abin da na raba shi da shi. Iri ya tsira, amma noman Baba ya ƙare daga ranar, ni kuma na sani sarai daga ina abin ya faro.

Na ɗaure damin a bayan babur na kama hanyar Yelwa a hankali, ina kauce wa ramuka. Sai da na iso ƙofar gida na tuna matata da risho take girki, gidanmu babu hayaƙi. Na ajiye babur, na fita waje neman duwatsu uku da zan kafa murhu.